Litiyam, balfurowet ko halofaridol: wane magani ya dace idan maniya ta tashi?

Kwana huɗu bai runtsa ba, amma ya ce shi garau yake, bai taɓa jin ƙarfi irin na yau ba. Bakinsa ba ya hutawa, daga wannan zance sai wancan. Ya rabar da abin da ke hannunsa, ya ƙulla cinikin da ba zai iya biya ba, duk wanda ya ce masa ya dakata kuwa ya zama abokin gaba. Wannan yanayin shi likitocin ƙwaƙwalwa ke kira maniya, wato gefen hauhawa na cutar bayifola, wadda ɗaya gefenta shi ne baƙin ciki mai nauyi da ke kwantar da mutum. Idan abin ya kai mako guda a jere, ko ya yi tsananin da sai an kwantar da mutum a asibiti, to an wuce matakin cewa a bar shi zai sauko da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ke ɗauke da cutar a 2019, kuma magungunanta sun daɗe a hannun likitoci.

Likita ne zai rubuta maganin. Babu ko ɗaya a cikin waɗanda zan ambata da ya kamata a saya wa ɗan'uwa da ka. Amma likita nagari yakan ji ta bakin mara lafiya da danginsa, kuma amsar da kuka ba shi tana iya canza zaɓin gaba ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne yadda maganin da aka ba mutum a daren farko, saboda shi ne ya fi kusa ko ya fi sauri, yakan zarce ya zama maganinsa na shekara biyar ba tare da an sake zama an yi shawara ba. Maganin da ya fi saurin kashe wutar ba lallai ne a iya zama da shi ba, bayifola kuwa cuta ce ta shekaru.

Abin da za a auna da shi

Na farko sauri: kwana nawa kafin mutum ya samu barci ya daina jefa kansa a haɗari. Na biyu riƙewa: in ya sauko, shin maganin zai hana ciwon dawowa, kuma zai kare shi daga faɗawa baƙin cikin da ke yawan biyo bayan maniya? Na uku sauƙi: ƙwaya ce ko akwai allura, sau nawa ake sha a rana, ana bukatar gwajin jini ko a'a. Na huɗu haɗari, na kusa da na nesa. Na biyar tsada, kuma a nan ba kuɗin ƙwaya kaɗai ake lissafawa ba, har da na gwaji da na zirga-zirga.

Akwai kuma tambayoyi biyu da sukan raba gardama tun kafin a kai ga waɗancan. Mara lafiyar mace ce da za ta iya ɗaukar ciki? Kuma akwai ɗakin gwajin da za a dogara da shi a riƙa auna jini a kai a kai?

Kafin a ƙara wani magani ma, akwai abin da ake cirewa. Idan mutum yana shan maganin baƙin ciki, irin su fuluwoksetin ko amitiriftilin, likita yakan dakatar da shi, domin yana rura maniya. Haka nan ana duba ko wani abu ne daban ya tayar da yanayin: magungunan sitiroyid irin su furedinisolon, ƙwayoyin ƙara kuzari, ko halittar tayirod da ke wuya ta wuce ƙa'ida a aikinta.

Litiyam

Shi ne dattijon gidan. A 1949 wani likita a Melbon ta ƙasar Ostireliya, John Cade, ya wallafa abin da ya gani bayan ya ba masu maniya goma gishirin litiyam. Mogens Schou na Denmak ya tabbatar da aikin da gwaji mai tsari a 1954, Amurka kuwa ba ta amince da shi ba sai 1970. Labarin mara lafiyar Cade na farko ya ishi kowa darasi a kan wannan magani: ya warke bayan shekaru a asibiti, ya koma aiki, ya daina shan magani, ciwon ya dawo, daga baya kuma gubar litiyam ta yi ajalinsa a 1950, lokacin da ba a fara auna shi a jini ba.

A sauri litiyam ba gwani ba ne. Yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin a ga aikinsa sosai, shi ya sa ba a cika barinsa shi kaɗai da mutumin da ke ta da hankalin gida ba. A riƙewa kuwa har yau ba a samu wanda ya kere shi ba. Wani babban bincike mai suna BALANCE da aka wallafa a 2010 ya bi mutum 330 har tsawon shekara biyu: ciwon ya dawo wa kashi 59 cikin 100 na masu shan litiyam kaɗai, kashi 69 na masu shan balfurowet kaɗai, da kashi 54 na waɗanda aka haɗa musu biyun. Sannan yana da wata falala da sauran ba su tabbatar da irinta ba: yana rage haɗarin mutum ya kashe kansa. A cutar da wannan haɗari ke da girma a cikinta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wahalarsa ita ce tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da adadin da ke zama guba ƙarama ce ƙwarai. A lokacin maniya ana neman ya kai 0.8 zuwa 1.2 milimol a kowace litar jini, bayan an sauko a rage shi zuwa wajen 0.6 zuwa 0.8. Daga 1.5 guba ke fara nuna kanta, in ya haura 2.0 rai na cikin haɗari. Ana ɗibar jinin awa 12 bayan shan ƙarshe, kamar kwana biyar zuwa bakwai bayan an fara ko an canza adadi. Kafin a fara ana duba ƙoda da tayirod, a ci gaba da duba su duk bayan wata shida, domin shekaru na shan litiyam na iya raunana aikin tayirod su kuma taɓa ƙoda.

Ƙoda ce ke fitar da shi, don haka duk abin da ya rage ruwa ko gishirin jiki yakan sa ya taru: gudawa, amai, zazzaɓi, gumi mai yawa. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak ma haka, da wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari. Wannan shi ne tarkon da na fi jin tsoro, domin mutum ba ya ɗaukar maganin ciwon baya a matsayin abin da sai ya gaya wa likitan ƙwaƙwalwa. Ƙishirwa, yawan fitsari da 'yar rawar hannu abubuwa ne da aka saba gani. Amma in rawar ta yi ƙarfi, mutum yana tangaɗi, harshensa ya yi nauyi, ga amai da gudawa, to a daina ba shi a garzaya asibiti. Kuma ba a yanke litiyam dare ɗaya don an ji sauƙi: yin haka yakan dawo da maniya cikin ɗan lokaci. Ƙwayar tana da araha, gwajin ne ke cin kuɗi.

Game da juna biyu, an daɗe ana zuzuta haɗarinsa fiye da yadda yake. Wani bincike na Amurka a 2017 ya samu naƙasar zuciya a kashi 2.4 cikin 100 na jariran da iyayensu mata suka sha shi a farkon ciki, a kan kashi 1.15 na sauran. Ƙari ne na gaske, amma bai kama ƙafar na maganin da ke tafe ba.

Balfurowet

Maganin farfaɗiya ne tun asali. An haɗa sinadarin tun 1882, a 1962 aka gano a Faransa yana hana farfaɗiya, Amurka ta amince da shi don maniya a 1995. Za ku gan shi da sunaye irin su Epilim da Depakote. Ya fi litiyam sauri, domin ana iya farawa da adadi mai yawa tun ranar farko, wajen miligiram 20 a kan kowane kilo na nauyin mutum, a ga canji cikin 'yan kwanaki. Likitoci sukan karkata gare shi idan maniyar gauraye take, wato mutum yana zabura amma zuciyarsa cike da ƙunci da fushi, yanayin da litiyam ba ya cika yin ƙoƙari a cikinsa. Ba ya bukatar irin sa idon da litiyam ke bukata, ko da yake ana duba hanta da ƙwayoyin da ke daskarar da jini kafin a fara da kuma bayan an fara. Yana sa ƙiba, barci, rawar hannu da zubewar gashi. Jefi-jefi yakan lahanta hanta ko fankiriyas, wato halittar cikin ciki da ke daidaita suga a jini, don haka ciwon ciki mai tsanani ko idanu su yi rawaya ba abin jira ba ne.

Da a nan maganar ta tsaya, da an ce ga mai sauƙi. Amma ga macen da za ta iya ɗaukar ciki, balfurowet shi ne mafi haɗari a duk jerin nan. Kusan jariri ɗaya cikin goma da aka ɗauki cikinsa ana shan maganin yakan zo da babbar naƙasa, ciki har da buɗaɗɗen ƙashin baya, alhali a sauran jama'a kashi 2 zuwa 3 ne cikin 100. Kashi 30 zuwa 40 kuma sukan samu matsalar girman ƙwaƙwalwa: jinkirin magana, jinkirin tafiya, wahalar koyo. Naƙasar jiki tana faruwa ne a makonnin farko, sau da yawa kafin mace ta san tana da ciki. Tun 2018 hukumomin magunguna na Turai suka hana a ba mace mai ciki wannan magani don bayifola, suka kuma hana ba macen da ke shekarun haihuwa sai da tsarin hana ɗaukar ciki mai ƙarfi. Birtaniya ta ƙara tsaurarawa a Janairun 2024: ba a fara shi ga wanda bai kai shekara 55 ba, mace ko namiji, sai ƙwararrun likitoci biyu sun amince babu wani zaɓi. Ku haɗa wannan da cewa maniya ita kanta tana rage wa mutum taka-tsantsan, za ku ga dalilin da ya sa nake ganin kada dangin budurwa ko matar aure su karɓi wannan magani ba tare da sun tambayi dalili ba.

Halofaridol

Paul Janssen ya samar da shi a Beljiyam a 1958, an fi saninsa a matsayin maganin taɓin hankali mai sa gane-gane da jiye-jiye, amma a kan maniya yana cikin mafiya ƙarfi. A 2011 Andrea Cipriani da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje 68 da suka ƙunshi mutum sama da 16,000, suka samu halofaridol, risfaridon da olanzafin a sahun gaba, kuma a dunƙule irin waɗannan magunguna sun fi litiyam da balfurowet tasiri a makonni ukun farko. Yana da allura ga wanda ya ƙi haɗiyar ƙwaya, ba ya neman gwajin adadinsa a jini, ba ya sa ƙiba sosai, kuma da wuya a samu wanda ya fi shi araha.

Abin da yake karɓa a madadin haka daga jijiyoyi yake karɓa. A kwanakin farko wuya na iya murɗewa, idanu su kafe sama, harshe ya sanƙare, musamman ga samari. Abin na da firgitarwa, amma akwai maganinsa, wanda aka fi sani da Artane, kuma yana saurin warwarewa. Akwai rawar jiki da tafiyar sanɗa kamar ta tsoho. Akwai kuma wata rashin natsuwa da ke hana mutum zama wuri ɗaya, wadda akan ɗauka ciwon ne ya ƙaru a ƙara magani, ana kukan targaɗe sai ga karaya. In an daɗe ana sha, baki da harshe na iya kama motsin da mutum ba ya iya tsayarwa, wani lokaci har bayan an daina. Yana iya taɓa bugun zuciya, shi ya sa ake son a yi awon zuciya inda hali ya yi. Sannan ba ya kare mutum daga baƙin ciki, wasu ma yakan sauke su daga sama kai tsaye zuwa ƙasa. Ɗan kwana-kwana ne nagari, amma ba abokin zama ba.

Tsohon ɗan'uwansa kulofuromazin, wato Largactil, wanda aka fara amfani da shi a Faris a 1952, yana aiki shi ma kuma yana da araha, sai dai yana sa barci mai nauyi da jiri idan an miƙe tsaye.

Gargaɗi ɗaya ya shafi duk wannan dangi, tsofaffin biyun nan da sababbin huɗun da ke tafe: zazzaɓi mai zafi tare da sanƙarewar jiki da ruɗewa alama ce ta wata illa da ba ta da yawa amma tana kisa. Asibiti nan take.

Sababbin huɗu

Olanzafin, wato Zyprexa, Amurka ta amince da shi don maniya a 2000. Yana da sauri, yana sa barci, ana sha sau ɗaya da dare, miligiram 10 zuwa 20, kuma masu jinya sukan so shi don gida yakan samu natsuwa cikin kwanaki. Yana kuma riƙewa. Amma yana buɗe ci fiye da kima. Mutum na iya ƙara kilo da yawa cikin 'yan watanni, suga da kitsen jini su hau. Wannan ne ya sa jagorar ƙwararrun Kanada ta 2018 ta mayar da shi sahu na biyu duk da ƙarfinsa, ta ajiye halofaridol a can shi ma, alhali hukumar NICE ta Ingila, a jagorarta ta 2014, ta sa su biyun cikin huɗun da ake farawa da su tare da kwetiyafin da risfaridon. Saɓanin nan ba na hujja ba ne, na mahanga ne: ɗaya na kallon makon farko, ɗaya na kallon shekarun gaba. Ƙarin bayani ga mai shan taba: hayaƙin sigari na rage olanzafin a jini, don haka in ya daina sha sai an sake duba adadin.

Risfaridon, wato Risperdal, yana tsaka-tsaki a kusan komai, kuma wannan yabo ne. Ƙarfinsa ya kusa na halofaridol, miligiram 2 zuwa 6 a rana, ƙibarsa ba ta kai ta olanzafin ba, sanƙarewarsa ba ta kai ta halofaridol ba sai in adadin ya yi yawa. Nasa aibin shi ne yana ɗaga sinadarin da ke kawo ruwan nono, sai al'ada ta ɗauke, nono ya yi ruwa, sha'awa ta ragu ga mace da namiji. Mutane na jin nauyin faɗin wannan, sai kawai su daina shan magani a ɓoye. Yana hana maniya dawowa, amma ba ya tsare gefen baƙin ciki.

Kwetiyafin, wato Seroquel, ana hawa da shi ne mataki-mataki cikin kwanaki huɗu zuwa shida har a kai miligiram 400 zuwa 800, don haka bai kai waɗancan zafin nama ba. Inda ya yi fice shi ne yana aiki a gefe biyu: yana sauke maniya, yana maganin baƙin cikin bayifola, yana kuma tsare duka biyun. Da wuya ya sanƙarar da jiki. Kuɗinsa shi ne barci, jiri, bushewar baki da ƙiba. A lura: ƙaramin adadin da wasu ke sha don barci ba ya maganin maniya.

Arififirazol, wato Abilify, shi ne mai sauƙi a kan nauyin jiki da suga, kuma ba ya ɗaga sinadarin nono. Ba ya sa barci sosai, abin da ke zama alheri daga baya amma rashi a makon farko. Rashin natsuwar nan ta hana zama tana yawan zuwa da shi. A 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wasu masu shansa sukan kamu da caca ko kashe kuɗi ba kan gado, abin da ke da sauƙin rikitawa da maniyar kanta.

Duk huɗun yanzu kamfanoni da yawa na yin su, don haka sun sauko daga tsadar da suka fara da ita, ko da yake har yanzu sun fi halofaridol kuɗi. Waɗanda suka zo bayansu, irin su asenafin da karifirazin, suna aiki amma suna da tsada kuma ba ko'ina ake samunsu ba.

Kabamazafin da sauran

Kabamazafin, wato Tegretol, shi ma daga farfaɗiya ya fito, likitocin Japan ne suka fara nuna aikinsa a kan maniya a shekarun 1970. Yana aiki, yana da araha, amma maƙwabci ne mai wahalar zama: yana sa hanta ta riƙa narkar da sauran magunguna da sauri, har da ƙwayoyin tazarar haihuwa, wasu magungunan ƙanjamau, da su risfaridon da kwetiyafin da ake son haɗa shi da su. Yana iya rage gishirin jini da ƙwayoyin jini, yana iya kawo ƙuraje masu saɓule fata, haɗarin da ya fi yawa ga mutanen kudu maso gabashin Asiya saboda wani gado na halitta. Ga mai ciki ma ba shi da aminci. Zaɓi ne na baya.

Lamotirijin yana da amfani wajen hana baƙin cikin bayifola, amma ba ya sauke maniya. Gabafentin da tofiramet ma a binciken 2011 ɗin nan ba su fi ƙwayar bogi ba. Su kuwa diyazefam da lorazefam 'yan rakiya ne: suna kawo barci da natsuwa a kwanakin farko kafin babban maganin ya kama, sai a janye su a hankali kafin jiki ya saba. Ba a haɗa allurarsu da allurar olanzafin a lokaci guda, domin numfashi na iya rauni.

| Magani | Sauri | Riƙewa bayan an sauko | Sauƙi | Babban haɗari | Tsada |
|---|---|---|---|---|---|
| Litiyam | Mako 1 zuwa 2 | Mafi ƙarfi, yana rage kashe kai | Gwajin jini dole | Guba, ƙoda, tayirod | Ƙwaya araha, gwaji da kuɗi |
| Balfurowet | 'Yan kwanaki | Matsakaici | Gwajin hanta da jini | Naƙasar jariri, hanta | Matsakaici |
| Halofaridol | Mai sauri ƙwarai | Ba ya tsare baƙin ciki | Akwai allura | Sanƙarewa, motsin baki | Mafi araha |
| Olanzafin | Mai sauri | Mai kyau | Sau ɗaya da dare | Ƙiba, ciwon suga | Matsakaici |
| Risfaridon | Mai sauri | Gefen maniya kaɗai | Sau ɗaya ko biyu | Ɗaukewar al'ada, sanƙarewa | Araha zuwa matsakaici |
| Kwetiyafin | Matsakaici | Gefe biyu | Ana hawa a hankali | Barci, jiri, ƙiba | Matsakaici zuwa sama |
| Arififirazol | Matsakaici | Gefen maniya kaɗai | Sau ɗaya | Rashin natsuwa | Ya fi tsada |
| Kabamazafin | Matsakaici | Bai kai litiyam ba | Yana karo da magunguna | Ƙurajen fata, jini | Araha |

Ɗaya ko biyu?

Wajen rabin masu maniya ne ke samun sauƙi sosai da magani guda cikin makonni uku zuwa huɗu. Haɗa litiyam ko balfurowet da ɗaya daga cikin su risfaridon, kwetiyafin, olanzafin ko arififirazol yakan ƙara yawan masu samun sauƙi, amma yana ƙara illoli da yawan ƙwayoyin da za a haɗiya. A ciwo mai tsanani haɗin ya fi ma'ana: ɗaya ya kama yanzu, ɗayan ya gina ƙasa, in an daidaita sai a duba ko za a janye na farkon. Wannan dubawar ce ake yawan mantawa da ita. Ku nemi a faɗa muku tun ranar sallama wanne ne na wucin gadi, wanne ne na dindindin, kuma yaushe za a sake zama a kai.

Wa ya dace da wanne

Idan ciwon ya yi tsanani, mutum na barazana ga kansa ko wasu, ko ya ƙi shan ƙwaya: halofaridol ko olanzafin, ta allura in ta kama, a asibiti, tare da fara tunanin maganin dogon zango tun makon farko.

Idan maniyar irin ta farin ciki da jin isa ce, akwai ɗakin gwaji, ƙodarsa lafiya, kuma mutum ne da za a iya bi da shi kan tsari: litiyam, da wani mai sauri a gefensa na ɗan lokaci. Wanda ya taɓa yunƙurin kashe kansa ya fi kowa cancantar a yi masa wannan ɗawainiyar, da sharaɗin ƙwayoyin su zauna a hannun wani, domin shan su da yawa a lokaci guda na kisa.

Idan babu hanyar auna litiyam a jini, kada a fara shi, komai kyawunsa. Risfaridon, olanzafin ko kwetiyafin sun fi aminci a wannan hali.

Mace mai shekarun haihuwa: a kauce wa balfurowet, a yi hattara da kabamazafin. Wadda ke da ciki kuma maniya ta tashi, akan fi karkata ga su halofaridol, olanzafin ko kwetiyafin tare da sa ido kan suga. Kada ta yanke maganin da take sha da kanta don ta ga ciki, domin makonnin bayan haihuwa na cikin lokutan da ciwon ya fi tashi.

Mai ƙiba ko ciwon suga, ko wanda suga ke danginsa: arififirazol, ko litiyam in ƙoda ta yarda, a bar olanzafin sai in babu makawa. Mai ciwon ƙoda ya nisanci litiyam, mai ciwon hanta ya nisanci balfurowet. Wanda tarihinsa ya fi yawa a baƙin ciki, maniya na zuwa jefi-jefi: kwetiyafin. Wanda ciwonsa gauraye ne, fushi da ƙunci cikin zabura, kuma batun ciki bai shafe shi ba: balfurowet ko ɗaya daga cikin sababbin huɗu.

Wanda matsalarsa ita ce yawan daina magani: risfaridon na da allurar da ake yi duk mako biyu, arififirazol na da ta wata-wata. Ba su ne ke sauke maniyar yau ba, amma fara shi da ƙwayar ɗayansu yanzu na buɗe hanyar komawa allurar daga baya.

Idan an yi mako biyu da cikakken adadi ba a ga wani motsi ba, lokacin canzawa ko ƙarawa ya yi. In magunguna sun gaza, ko mutum ya galabaita ba ci ba sha, akwai jinyar lantarki da aka fara a Rum a 1938, wadda a yau ake yi bayan an sa mutum barci an sassauta jijiyoyinsa. Sunanta na da ban tsoro, amma tana cikin mafiya tasiri, illarta da aka fi sani ita ce mantuwar abubuwan da suka faru a kusa da lokacin jinyar.

Wanda kuwa ya taɓa samun lafiya da wani magani shekara da shekaru, ya daina, ciwon ya dawo, galibi ba sabon abu yake bukata ba. A gaya wa likita sunan maganin, adadin da yake sha, ranar da ya daina, da ainihin dalilin dainawar, ko ƙiba ce, ko rawar hannu, ko abin da ake jin kunyar faɗa. In kuma ya ce yana sha bai fasa ba, kuma litiyam ne ko balfurowet, a auna jininsa tukuna kafin a yanke cewa maganin ya gaza.